Geron Lahadi

Bana ruwan shuka ranar Lahadi ya sauko mana, da sassafe. Muna cikin coci ana waƙa, ƙasa sai ƙamshi take, ina hango samari ta taga suna wucewa a babur da buhun iri ɗaure a baya. Fastonmu yaro ne, sa'an jikana. Da ya ga maza sai mutsu-mutsu suke a kan benci, ya gajarta wa'azi, ya ce kowa ya tafi gona, wanda ya aiko ruwan ya san ranar da ya aiko shi. Kafin a gama cewa amin coci ya watse. Ni kaɗai aka bari da sandata, na kasa tashi, kuma ba ƙafa ce ta hana ni ba. Wata Lahadin ce ta dawo mini, ta shekarar farin nan, lokacin ina goyon Yakubu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa. Ƙasar yashi ce, in ruwa ya sauka da safe, kafin la'asar ta fara shanye abinta. Iyayenmu Maguzawa ne. Maigidana Ishaku, wanda ya riga mu gidan gaskiya amma har yau sunan nauyi yake yi mini a baki, shi ne na farko a gidansu da ya karɓi bishara. Ubansa ya kore shi, 'yan'uwa suka daina ci da shi, bai juya ba. Mutum ne tsayayye, ko in ce kafaffe. Ba ya shan giya, ba ya ƙarya ko da wasa, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. In an yi girbi, kafin dami ɗaya ya shiga rumbu sai ya ware na Allah, kuma ba ƙananan yake zaɓa ba. Ranar Lahadi kuwa ko fartanya ya gani yashe a hanya sai dai ya tsallake. Musulmin garin ma in rigimar iyakar gona ta haɗa su, shi suke kira. Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita, wai Allah ba ya cin haƙƙin bawansa, ka riƙe masa nasa, zai riƙe maka naka. Ni ma na yarda da ita, don har lokacin ban ga ta faɗi ƙasa ba.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, saboda haka tun tsakiyar bazara in na shiga rumbu ƙafata ƙasa take taɓawa. Zafin shekarar kuwa ban sake ganin irinsa ba. Tun hantsi yashi yake ƙona tafin ƙafa. Kaji su laɓe a gindin randa baki buɗe. Rijiya ta ja ƙasa, mu yi sammako mu jeru, guga ya dawo da rabi ruwa rabi taɓo, mu zuba a tukunya mu jira ya kwanta. Yaran yanzu in na faɗa musu haka dariya suke, su da ke murɗa famfo a bakin kasuwa.

Irinmu yana cikin wani tulu a ɗakin Maigida, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da yumɓu. Ɗan kaɗan ne, shuka ɗaya tak. Shi ya sa ba mu yi binne ba, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwa ya same shi a ciki. Mai iri da yawa ne yake wannan kasadar. Mu sai mun ga ruwa da idonmu.

Aka yi taki, aka share gonaki, aka zauna jira. Musulmi suka fita bayan gari roƙon ruwa, mu ma kullum da safe a buga ƙarfe mu taru a coci mu roƙa. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Haka aka yi ta yi har mutane suka daina ɗaga kai sama.

Ranar da ya zo, cida ce ta tashe mu da asuba. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, har rana ta fito yana zuba. Asabe, 'yata ta fari, ta fita tsakar gida tana tsalle a ciki. Yana ɗaukewa gari ya rikice, maza da sungumi, mata da yara da ƙoƙon iri, kowa ya nufi gona da gudu. Sai ga Bitrus, ƙanin Maigida, wanda ya bi shi cikin bishara daga baya, sungumi a kafaɗa. Ya ce wa yayansa ya fito da irin, in sun gama tasa su faɗa tamu, kafin azahar an rufe.

Maigida yana zaune a kan turmi yana wanke ƙafa, farar rigarsa ta zuwa sujada tana rataye a zana. Ya tambayi Bitrus yau wace rana ce. Bitrus ya yi dariya ya ce ruwa bai san Lahadi ba. Maigida ya ce wanda ya aiko shi ya sani. Suka yi ta ja, Bitrus ya ga rana tana ɗagawa, ya ce to Yaya, sai ka taho, ya tafi.

Ni kuwa na durƙusa, Yakubu a bayana. Na ce Malam, ka dubi rumbu, ka dubi yaran nan. Na ce in shi ba zai je ba ya ba ni irin, ni da Asabe mu je, zunubin ya hau kaina. Ya ce gidan nasa ne, irin nasa ne, ba a raba zunubi kamar nama.

"Gwaji ne, Saratu," in ji shi. "Wanda ya ba da na yau zai ba da na gobe."

Ya ja ƙofar ɗakinsa ya sa kwaɗo, ya ce in ɗauko mayafi mu tafi.

A coci mu kaɗan ne, tsofaffi da mata masu ciki. Maigida dattijon ikkilisiya ne, shi ya yi addu'a, ya daɗe yana roƙa wa waɗanda suka kasa haƙurin yini ɗaya gafara. Ni ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Kunnena yana wajen saran sungumi da ke zuwa daga gonakin kusa, idona yana ƙofa. Rana ta buɗe da ƙarfinta, iska ta biyo, ina kallon ƙasar bakin coci tana sauyawa daga baƙa zuwa fara. Raina ya ɓaci ranar nan, da shi da ranar da komai, har waƙa na ƙi yi.

Litinin tun ba a ganin tafin hannu muna gona. Danshin ya riga ya nutse, sai an sara da zurfi ake tarar da shi. Maigida yana gaba yana sara yana waƙa, ni da Asabe muna baya muna zuba iri muna rufewa da diddige. Muka juye tulun kakaf. Ya tsiro kuwa, siriri kamar allura, Maigida ya kira ni ya nuna mini yana murmushi.

Daga nan sama ta rufe. Mako ya bi mako ba ko yayyafi. Shukar waɗanda suka fita Lahadi ta riga ta kai saiwa inda danshi yake, sai ta nannaɗe da rana ta buɗe da safe. Tamu ta yi rawaya, ta kwanta, iska ta kwaso yashi ta binne ta. Kada in yi ƙarya, ta Lahadin ma rabi ta mutu. Amma rabi da babu ai ba ɗaya ba ne.

Maigida bai karaya ba. Kullum da safe yana gona a durƙushe. Ya ɗauki azumi, kai ka ce sauranmu ƙoshi muke. Yana cewa Allah zai yi abin da garin nan kaf zai gani. Da ruwa ya dawo, damina ta riga ta yi nisa, kuma ba mu da iri. Maƙwabcinmu Malam Sale ya ɗan tsakuro mana daga abin da ya rage masa, muka sake shukawa, muna sane mun makara.

Yunwar damina ita ce mugunya, don gari kore shar amma ba abin sawa a baki. Da safe ni da Asabe mu shiga daji neman tafasa da yaɗiya, kuma sai mun yi nisa, na kusa an riga an tsinke. Da rana in dafa, in matse, in barbaɗa gishiri in akwai. Awakina suka tafi kasuwar Gwiwa ɗaya bayan ɗaya, suka dawo a dusa. Kwanukan aurena suka bi su. Muka kai ga tonon gidan tururuwa don ɗan hatsin da suka tara, muka kai ga sussukar ƙarangiya, hannu duk ƙaya. Tuwon dusa yana kartar maƙogwaro, kuma kafin ka wanke hannu cikin ya manta an ci. Yanzu in abu ya matsa, yaro ya turo kuɗi ta waya daga Kano, a sayo taliya ko garin kwaki. A lokacin wanda ya tafi ci-rani sai dai a ga dawowarsa.

Maigida ya shiga ƙodago, mutumin da bai taɓa noma gonar wani don a biya shi ba. Ya yi wa Malam Sale, ya yi wa masu hali na wajen Roni. Ya fita da asuba ba komai a cikinsa, ya dawo da yamma da ɗan hatsi ƙulle a bakin riga. Abin da ya fi ƙona mini rai, kafin ya miƙo mini sai ya zauna ya ɗebi na Allah ya zuba a ƙoƙo daban. A gaban idona, Yakubu yana kuka. Wata rana na kasa daurewa, na ce Allah dai ba ya shan kunu. Ya dube ni ya ce yanzu ne za mu fara cin nasa, da muka fi bukatarsa? Amma in faɗi gaskiyarsa, shi ya fi kowa rashin ci. Rabonsa Asabe yake tura wa, ya sha ruwa, ya ƙara ɗaure zariyar wandonsa.

Nonona ya ƙafe. Yakubu ya kama ya ja, ya ciza, ya saki ya yi kuka. Na gwada shi da kunun dusa, cikinsa ya ƙi, sai gudawa. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta zo da ƙwarya wayam, ta ce shanunsu sun zube. Kukan yaron ya yi ta sirancewa har ya daina. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, in na danna da yatsa wurin ya loɓa ya ƙi tasowa.

Muka kai shi asibiti a Roni, a ƙafa. Ma'aikacin ya duba shi, ya ba mu magani, ya ce amma ciwon nan ba na magani ba ne, a ba shi madara da ƙwai. Na yi dariya a gabansa, ban san lokacin da ta fito ba. A hanyar dawowa, wajen la'asar, na ji goyon ya ƙara nauyi, kansa yana lilo. Na sani. Ban faɗa ba, na ci gaba da tafiya a bayan Maigida, don in na faɗa ya tabbata. Sai da muka hango rumbunan gari na kira shi. Ya kwance zanen da hannunsa, ya rungume yaron, ya wuce gaba. Bai yi kuka ba, har aka binne Yakubu.

Ban ce da mun shuka ranar Lahadi Yakubu zai rayu ba. Ban sani ba. Shekarar nan ta ɗauki 'ya'yan waɗanda suka shuka da na waɗanda ba su shuka ba, Malam Sale ma ya binne 'yarsa. Lokacin da yaron ya mutu babu geron kowa da ya nuna. Amma zuciyar uwa ba ta bin wannan lissafin, kuma tawa ba ta bi ba.

Masu gaisuwa suka cika zaure. Ina daga bayan zana ina jin su. Wani dattijo, Markus, ya gyara murya ya ce ruwa ba ya tsami banza, Allah mai adalci ne, ba ya dukan mai gaskiya, Malam Ishaku ya binciki zuciyarsa ko akwai abin da ya ɓoye. Wani ya ce a'a, gwaji ne, in ya daure Allah zai mayar masa ninki biyu. Nan na fasa kunya. Na ɗaga murya na ce ɗa akuya ne da za a biya shi ninki biyu? Na ce shi kuma Markus, da aka tashi daga sujada ranar nan, ta bayan gari ya zaga da sungumi a cikin buhu, matarsa ce ta faɗa mini a rijiya.

Sai na ji muryar Maigida, a hankali, ba irin wadda na sani ba.

"Ku nuna mini laifin. Na riƙe masa ranarsa, na riƙe masa zakkarsa, na bar ubana saboda shi. Da akwai alƙalin da zai zauna tsakanina da Allah, da na kai ƙara."

Aka yi ta cewa kai, Malam, saɓo ne, ka tuba. Ɗaya bayan ɗaya suka sa takalmansu.

Bai daina zuwa coci ba, amma ya koma can baya, bakinsa a rufe. In aka ce ya yi addu'a sai ya girgiza kai. A gida ma ya daina sa wa abinci albarka. Wannan ya fi yunwar ba ni tsoro, don ban taɓa ganin mutumin nan ya kai loma baki bai rufe ido ba.

Geronmu na biyu ya kai ƙugu, ya fitar da kai, ruwa ya ɗauke. Muka murza kan a tafin hannu, ƙaiƙayi zalla. Ko dami ɗaya ba mu ɗaure ba. Bitrus ya sami ɗan abin da ya samu, wanda shi ma ba zai kai shi bazara ba, amma wata safiya sai ga shi da jaki, dami ɗaure a kai. Ya yi sallama ya ce Yaya, ga na yara.

Maigida ya fito ya tsaya a bakin zaure. Ya tambaye shi daga wace gona, alhali ya sani, Bitrus gona ɗaya gare shi. Ya ce geron Lahadi ba zai shiga gidansa ba. Bitrus ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da uwar da ta haife su. Da ya gaji sai ya ture damin a ƙofar gida, ya ce to a bar wa tururuwa, ya ja jakinsa yana share ido.

Ni na fita na jawo shi ciki, da ƙyar, ina haki. Na ce wa Maigida na binne ɗaya, ba zan binne biyu ba, Asabe za ta ci geron nan, in ya ga dama ya kai ni gaban dattawa. Bai hana ni ba. Ya matsa gefe na wuce. Na sussuka, na sheƙa, na surfa, na daka. Ƙamshin sabon tuwo ya cika gidan, Asabe ta ci tana kuka don zafi ba ta jira ya huce ba. Na zuba nasa a kwanonsa na kai masa. Ya ture shi da bayan hannu.

Haka muka koma tukunya biyu. Mu tuwon gero, shi ganye da dusa, kuma sai ya tabbatar ba muciya ɗaya na yi amfani da ita ba. Girbi ya wuce, ƙodago ya ƙare, ganyen ma ya bushe a daji. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai ya koma sai ya dafa bango yake miƙewa. Bitrus ya zo, Malam Sale ya zo, kowa ya yi maganarsa ya tafi. Wata rana ina zuba masa ruwa yana wanke ƙafa, na ga ƙafafun sun kumbura sun yi sumul. Na danna da yatsa. Wurin ya loɓa ya ƙi tasowa.

Na ajiye butar na zauna a ƙasa a gabansa. Na ce Malam, mutuwa kake so? Ya ce ba ya gudunta. Na ce saboda tuwo? Ya ce ba tuwo ba ne. Ya ce in ya ci geron nan ba shi da sauran magana, ya zama ɗaya da kowa. Yana so ya je gaban shari'a da hannunsa tsab, ya tsaya, ya tambayi Allah abin da ya yi masa.

Wallahi ban shirya abin da na faɗa ba, amma ban janye shi ba, har yau.

"To ka je. Amma ba kai kaɗai za ka tsaya a wurin ba. Yakubu ma yana can, shi ma yana da tambaya, kuma ba Allah zai yi wa ba."

Ya dube ni kamar na watsa masa ruwan zafi. Ya ja jiki ya shiga ɗaki ya kwanta, fuska ga bango. Can sai na ji wani sauti, na ɗauka tari ne. Kuka ne, wanda bai yi a bakin kabari ba, yana kiran sunan yaron. Na ja Asabe muka fita zaure, don kada ta ji ubanta a haka.

Na ɗauka shi ke nan, zai ci. Ina! Da safe na kai masa kunu, ya ce in mayar. Ya ce ya gane, duk shekarun nan ƙodago yake yi wa Allah, yana noma yana duban rana, yana jiran yamma a biya shi. Ya ce ranar nan da ya sa kwaɗo ba Allah yake kallo ba, kansa yake kallo, yana so gari ya ga wanda ya tsaya. Mutum irinsa, in ji shi, bai cancanci gumin Bitrus ba, a bar wa Asabe. Na rasa inda zan sa kaina. Na fitar da shi daga rami ɗaya ya faɗa wani.

Na aika Asabe ta kira Baba Audu, tsohon mai bisharar da ya yi masa baftisma. Ya tsufa sosai a lokacin, idonsa ya kusa rufewa, ita ta jawo masa sanda. Ya shigo ɗakin ya lalubi tabarma ya zauna, ya gaishe da Maigida kamar ba abin da ya faru. Bai yi wa'azi ba. Ya ce mini 'yata, yunwa nake ji, akwai tuwo? Na ce akwai, amma na geron Lahadi ne. Ya ce shi cikinsa bai iya karatun ranaku ba, in kawo. Na kawo kwano ɗaya da ruwan wanke hannu, na koma bakin ƙofa na tsuguna.

Ya ci loma biyu, sannan ya yi magana, yana tauna.

"Ishaku, jiya ka ƙi ci don ka fi ƙarfin tuwon, yau ka ƙi don ba ka kai ba. Duk dai kai ne a tsakiya."

Maigida ya ce, daga inda yake kwance, to Baba me ya sa aka ɗauki yaron, laifinsa ne ko ba laifinsa ba? Baba Audu ya ce bai sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake. Ya ce shi ma ya binne 'ya'ya, yana da tasa tambayar, amma bai ga mutumin da zai tsaya a gaban Allah da abin hannunsa ba, ko shi, ko Markus, ko wanda bai taɓa karya Lahadi ba. Ya ce shekara nawa Ishaku yana raba gurasa a Jibin Ubangiji, cin da ake yi a coci don tunawa da mutuwar Yesu, ya taɓa tambayar gumin wa yake ci? Wani ne ya sha dukan, mu muka miƙa hannu.

Ya tura kwanon wajen da yake jin numfashin Maigida.

Har tuwon ya daina tururi Maigida bai taɓa shi ba. Sannan ya yunƙura, ya kasa. Na shiga na tallafe shi ya jingina da bango. Na wanke masa hannu. Ya rufe ido, ni ma na rufe nawa, ina jiran doguwar addu'ar nan tasa da na saba.

"Ya Uba, ba ni da komai. Ka ji tausayina saboda Yesu."

Iyakarta ke nan. Ya gutsuri tuwon, miya tana ɗiga a rigarsa. Lomar farko ta tsaya masa a wuya, sai da na ba shi ruwa. Hawaye yana zuba cikin kwanon, yana ci. Baba Audu ya janye hannunsa ya bar masa. Ya cinye, ya bi gefen kwanon da yatsa ya suɗe, sannan ya miƙo mini shi da hannu biyu, bai iya duban idona ba, ya ce Saratu, ko da saura?

Babu saura a tukunya. Na je na ɗauko nawa na kawo masa.